Akwatin gyaran ruwa da ba ya sauka daga motata

Sana'ata sayar da magungunan dabbobi ce, kuma tun da na fahimci cewa makiyayi ba zai bar shanunsa ya biyo ni shago a Garwa, a arewacin Kamaru, ba, sai na mayar da rabin kasuwancina kan hanya. Ina cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ina zuwa Adumri da Ngong, idan rani ya yi nisa kuma nakan haura arewa har Gider da Marwa da Bogo. Shekara huɗu ke nan da na sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda masu jin Faransanci suke kira kamfin-kar, daga hannun wani dillali a Duwala wanda ya ce daga Beljiyam aka sauko da ita. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da wurin wanke kwanuka, da wani matsattsen banɗaki, sannan a ƙarƙashin kujerar baya akwai tankin ruwa mai cin lita 100. Tankin nan ne ya ja hankalina fiye da gadon, domin duk wanda ya taɓa kwana a bakin kasuwar shanu a watan Afrilu ya san cewa wurin shimfiɗa tabarma ba ya wuya, ruwan alwala mai tsabta da asuba shi ne aiki.

A shekarar farko duk tanadin da na yi wa motar na bakanike ne: jak, da sifanu, da bel na ajiya, da man birki, da kayan facin taya. Bututun ruwa ko a lissafi ban sa shi ba, domin a tunanina abu ne da ake shimfiɗawa sau ɗaya a manta da shi, kamar yadda yake a bangon gida. Abin da ya ɓace min shi ne bangon gida ba ya tafiya a kan burji.

Wata rana a cikin watan Maris muka bar kwalta muka nufi Adumri, ni da ɗan ƙanwata wanda yake taya ni ɗaukar kaya, a kan hanya mai gargada irin wadda take sa haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Mun cika tanki kafin mu bar Garwa, kuma na manta ban kashe makunnin injin ruwa ba. Da muka isa rana ta kusa faɗuwa, na buɗe kan famfo zan cika buta, sai ya yi tari sau biyu ya huro min iska. Yaron ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ce, "Kawu, ai ruwanmu ne yake ɗiga ta nan." Da muka janye kaya daga bayan kujera, muka tarar da katakon daɓen motar ya jiƙe sharkaf, kwalayen maganin da ke ƙasa sun yi laushi kamar fanke, takardun jikin kwalabe kuma sun saki suna yawo. Wani ɗan mahaɗi na roba mai baki uku, wanda bai fi tsawon babban yatsa ba kuma ko sunan maƙerinsa babu a jikinsa, shi ne ya tsage a wuya. Injin kuwa da ya ji matsi ya ragu, sai ya ci gaba da aikinsa tsakaninsa da Allah har ya kwashe tankin tas. Irin wannan inji yana tura kimanin lita 7 a minti ɗaya, ke nan idan bututu ya buɗe sosai, tanki kamar nawa ba ya wuce minti 15 bai ƙare ba, ƙarar mota a kan gargada kuma ba ta barin a ji gurnaninsa. A daren nan da ruwan da muka roƙa a wurin wani mai shayi muka yi alwalar magariba.

Asarar maganin ta yi min ciwo, amma neman ɗan mahaɗin nan ne ya fi koya min hankali. Na sa shi a aljihu na zagaya shagunan kayan gini na Garwa, waɗanda muke kira kankayeri, kwana biyu cur, kamar mai laluben allura a cikin ruwa. Kowane mai shago sai ya karɓa ya jujjuya shi, ya zazzago nasa a kan kanta, mu gwada ɗaya bayan ɗaya, wannan ya yi girma, wancan haƙoran murɗawa irin na noti gare shi alhali nawa ba shi da su. A ƙarshe aka yi min kwatancen wani dattijo mai gyaran famfo a bayan babbar kasuwa. Ya ɗora tabarau, ya ciro wani ƙaramin ma'aunin ƙarfe mai zamewa ya auna bakin, sannan ya ce, "Alhaji, milimita 12 ne. Wannan ba irin namu ba ne, ko Marwa ka je ba za ka samu ba, sai dai a yi maka dabara." Dabarar ita ce wani mahaɗin tagulla mai baki uku da ya tono daga cikin tarkacensa, ya haɗa shi da guntayen tiyo uku da kolye shida, wato ƙawanyar ƙarfen nan mai noti da ake ɗaure tiyo da ita. Aikin ya riƙe ni mako uku, har saƙon da na yi wa wani ɗan uwana a Duwala ya iso, bayan sabon mahaɗin ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ya kuma bi motar haya kusan kilomita 280 zuwa Garwa. Kuɗin aiken ya ninka kuɗin abin da aka aiko sau da yawa.

Daga wurin dattijon nan na fara gane cewa matsalata ta ma'auni ce. Kayan famfon da ke shagunanmu na ginin gida ne, kuma lissafinsu na Faransa ne. Idan mai shago ya ce maka 15/21, yana nufin abin da maƙwabtanmu na Najeriya suke kira rabin inci. 12/17 shi ne uku bisa takwas na inci, 20/27 kuma uku bisa huɗu. Lambobin sun samo asali ne daga tsohon bututun ƙarfe, ta farko faɗin cikinsa, ta biyu faɗin wajensa da milimita. Bututun da suke sayarwa kuwa galibi ko dai PVC ne da ake haɗawa da gam, ko PPR mai milimita 20 ko 25 wanda sai an narkar da bakinsa da na'ura mai zafi kafin ya haɗu. Motocin ɗaki da aka ƙera a Turai ba ruwansu da wannan. Yawancinsu ɗayan biyu ne: ko tiyo mai laushi wanda faɗin cikinsa milimita 10 ne, ana cusa shi a kan mahaɗi a ɗaure da kolye, ko kuma siririn bututu mai ɗan tauri, mai faɗin milimita 12 daga waje, wanda ake turawa cikin mahaɗi ya kama kansa ba gam ba noti, tsarin da kamfanin John Guest na Ingila ya yi suna a kansa. Tawa tana da duka biyun, bututu a dogon zango, tiyo a kusa da inji da kan famfo. Idan kuma Allah ya haɗa mutum da motar da aka ƙera a Amurka, to wata duniya ce daban, domin su bututun PEX na rabin inci suke sawa, suna ɗaure shi da zoben ƙarfe da ake matsewa da filaya ta musamman. Haƙoransu ma ba irin namu ba ne. A rabin inci duka biyun haƙori 14 ne a kowane inci, amma kusurwar haƙorin Amurka digiri 60 ce, tamu kuwa 55, shi ya sa suke fara shiga juna kamar za su dace, sai an kunna ruwa a ga yana tsattsafowa.

Da na fahimci haka, sai na daina tunanin tara kowane irin kaya, na koma tunanin gada. Abu mafi daraja a akwatina yau wasu 'yan mahaɗai ne guda huɗu, waɗanda baki ɗaya yake karɓar bututun milimita 12, ɗaya bakin kuma yana da haƙoran 15/21, biyu maza biyu mata, kamar yadda masu sana'ar suke faɗa. Muddin suna hannuna, duk abin da ke rataye a kankayerin Figil ko Kayele ya zama nawa: kan famfo na gida, da bawul, da gajeren tiyon nan mai saƙar ƙarfe da ake haɗa wa kwanon wanke hannu. Idan wani sashe ya lalace wanda ba ni da irinsa, sai in yanke shi in fitar, in sa gada a kowane gefe, in cike tsakanin da kayan gida. Ba ya yin kyau a ido, amma a bayan kabad yake, babu mai gani. Duk wanda zai saurare ni a abu ɗaya kawai, to ya auna bututun motarsa yau, kafin ya lalace, ya nemo waɗannan gadoji.

Ya kamata kuma mutum ya san irin injin da ke motarsa kafin ya sayi kayan ajiya, domin iri biyu ne kuma cutarsu ba ɗaya ba ce. Na farko ƙaramin inji ne da ake jefawa cikin tanki, ba ya tashi sai an buɗe kan famfo, saboda a cikin kowane kan famfo akwai ɗan makunni mai wayoyi biyu. Mai irin wannan ba zai yi asarar da na yi ba, tunda bututu ba ya riƙe matsi idan famfo yana rufe, amma injin yana saurin ƙonewa idan ya yi aiki babu ruwa, ɗan makunnin ma yakan mutu, don haka abin da ya dace ya ɗauka shi ne inji sukutum na ajiya da makunni ɗaya ko biyu. Na biyu, irin nawa, yana zaune a wajen tanki, yana tsotso ruwa yana cika bututu har matsi ya kai kimanin bar 1.5 zuwa 2, bar kuwa ma'aunin matsi ne, sannan ya tsaya da kansa, ya sake tashi duk lokacin da matsin ya sauka. Kamfanoni irin su Shurflo da Fiamma suna yin wannan nau'in. Yana da juriya kuma ɗan aiki a bushe ba ya kashe shi, sai dai bai san bambanci tsakanin famfon da aka buɗe da bututun da ya fashe ba. Duka biyun wutar batir mai bolt 12 suke ci, ke nan a wannan mota fiyus da guntun waya su ma kayan famfo ne.

Littafin da ya zo da motar, rabin abin da ya ce game da ruwa tsoron ƙanƙara ne, yadda za a zubar da ruwa kafin sanyi ya daskarar da shi ya fasa bututu. Tukunyar ɗumama ruwa ta wasu motocin har bawul gare ta mai buɗe kansa idan sanyi ya sauka zuwa digiri 3, sanyin da ba mu san shi ba a kwarin Binuwai ko a tsakiyar hunturu. Abin da yake cin bututu a nan daban ne. A watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe kuwa tanderu ne, tiyo ya yi laushi ya lotse a ƙarƙashin kolye har kolyen ya saki, zoben roba ya bushe ya tsattsage, tsohuwar roba mai tauri kuma ta koma kamar ƙwan fitila. Sai girgiza, wadda ita ce ta karya nawa, domin da na duba da kyau na ga bututun yana lilo ne kusan kamu biyu ba a ɗaure shi da komai ba, duk nauyinsa yana sauka a wuyan mahaɗin. Inda bututu ya ratsa hudar katako ma yana gogawa a hankali har ya huje. Ruwan rijiya da na burtsatse yana zuwa da yashi wanda yake toshe rariyar da ke gaban inji. Ɓera kuma, bayan na kwana biyu kusa da buhunan masara a Ngong, ya taɓa shiga ya gwigwiye min tiyo a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin a watan nan kowa ruwa yake nema.

Akwatin da kansa na roba ne mai murfi, wanda a da nake ajiye sirinji a ciki, kuma da duk abin da ke cikinsa bai kai kilo 4 ba. Ɗan ƙanwata ya taɓa ƙorafin cewa ya tare wurin katan ɗaya na magani, na ce masa ya tuna katan nawa muka zubar a Adumri. Bayan gadojin nan huɗu, akwai bututun milimita 12 mita biyu a naɗe, da tiyon milimita 10 mita ɗaya, na ruwan sha mai zare a jikinsa. Tiyon fetur ko na gas ko na ban ruwan lambu yana iya shiga ya zauna daram, amma ba domin ruwan sha aka yi shi ba, kuma shayin farko zai gaya maka. Akwai mahaɗai miƙaƙƙu guda huɗu, domin su ne suke gyara huda a tsakiyar bututu, da masu gwiwa biyu, da masu baki uku biyu, da bawul ƙarami ɗaya, da matosai uku. Matoshin nan mutane suna raina shi, alhali shi ne yake ba ka damar kashe reshen da ya lalace, ka ce banɗaki ya huta sai mun koma gida, ka ci gaba da samun ruwa a wurin girki. Sai kolye guda goma na ƙarfen da ba ya tsatsa, da zobban roba na cikin mahaɗi, da washa ta 15/21 da ta 20/27, da farin tef na teflon, da fiyus irin na injin, da waya kamu biyu, da kofin rariya na ajiya, domin na roba ne mai haske kuma yana tsagewa idan an ɗaure shi da ƙarfi. Na ƙara da ƙaramin injin jefawa guda ɗaya, ko da yake motata ba irinsa take amfani da shi ba, saboda idan babban ya mutu ina iya jefa shi cikin jarka in haɗa da batir.

A cikin kayan aiki, wanda ba na yarda ya bar motar shi ne almakashin yankan bututu. Dalili kuwa yana cikin yadda mahaɗin turawa yake aiki. A bakinsa akwai wata ƙawanya mai ƙananan haƙoran ƙarfe waɗanda suke cizon bututu su hana shi fita, a can ciki kuma akwai baƙin zoben roba wanda shi ne yake tare ruwa. Idan an yanka bututu a karkace, ko da zarto wanda yake barin kaushi a baki, to ko dai bakin ba zai zauna daidai a cikin zoben ba, ko kuma ya yage shi yana shiga, a ga mahaɗi sabo fil yana ɗiga a rasa dalili. Yanka ɗaya ake so, a miƙe, mai santsi, sannan a tura bututun har sai an ji ya wuce zoben ya tokare a ƙarshe, a ja shi baya kaɗan a tabbatar ya kama. Wurin cirewa kuwa, sai an kashe inji an buɗe famfo matsi ya fita, sannan a danna ƙawanyar ciki da yatsa a zare bututun. Wanda bai san wannan ba yakan kama shi da filaya ya yi ta ja har ya lalata duka biyun. Na taɓa yi.

Sauran ba su da yawa: sifana mai ƙari da ragi guda biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa, domin idan ka murɗa da ɗaya kawai ƙarfin yana tafiya ne ga abin da ke bayan mahaɗin, filaya mai buɗe baki, sukudireba, soket mai lamba 7, wanda ya dace da notin yawancin kolye kuma ba ya zamewa ya soke maka hannu a cikin duhun kabad, wuƙa mai kaifi, tocilar ɗaurawa a goshi, ƙaramin madubi, da mitar gwajin wuta, wadda take raba gardama tsakanin injin da ya mutu da fiyus ɗin da ya ƙone. Ina kuma yanka tsohon tif na babur siri-siri in ajiye. Akwai tef na silikon da ake sayarwa wanda yake manne wa kansa idan an ja shi, yana da kyau, amma a matsin bar 2 robar tif da aka naɗe da ƙarfi aka ɗaure da kolye ta sha kai ni gida. Idan tiyo ya ƙi hawa kan mahaɗi, ba ƙarfi ake sa masa ba, tsoma bakinsa ake yi a ruwan zafi na minti ɗaya, kuma butar shayi tana nan kullum.

Akwai abubuwan da na ɗauka da farko na sauke daga baya. Babbar sifanar bututun ƙarfe ba ta da abin kamawa a motar da komai nata roba ne, sai dai ta fasa. Gam na PVC ya bushe a gwangwaninsa kafin damina, kuma ko bai bushe ba, ba ya kama irin wannan bututu, haka ma PEX, duk wanda ya ce zai manna maka su da gam ƙaramin sani ne yake damunsa. Na'urar narkar da PPR tana son wutar gida da zafin digiri 260, ba ta da gurbi a bakin kasuwa. Teflon ɗin ma na rage yawan amfani da shi, bayan na fasa macen mahaɗi ɗaya da shi. Inda aka yi wa washa wuri, washa ce take tare ruwa, tef ba ya ƙara komai. Haƙoran roba kuma da hannu ake ɗaure su, a ƙara ɗan juyi kaɗan da sifana a tsaya.

Wurin ajiya ma yana da nasa hukuncin. Zobban roba da washa suna cikin leda mai zif, a cikin gwangwani mai murfi, domin ƙurar hunturu tana shiga ko'ina kuma ƙwayar yashi ɗaya a kan zobe ta isa ta sa ɗiga. Bututun ajiya ba ya ganin rana, na toshe bakinsa biyu da tef. Akwatin yana ƙasa, a gefen da ba ya kusa da inji, kuma a inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba, domin ranar da ake buƙatarsa ruwa yana zuba ne, ba lokacin jidar katan ba ne. A cikin murfin na manna takarda mai jerin abin da ke ciki da adadinsa.

Gano inda ciwon yake ya fi gyaran wuya, kuma kunne ne yake fara aikin. Idan duk famfo a rufe yake amma inji yana yin gurnani na daƙiƙa biyu bayan kowane ɗan lokaci, to matsi yana zurarewa, ko ta wata huda, ko ta bawul ɗin cikin injin idan yashi ya hana shi rufewa. Idan yana ta aiki ba ya tsayawa kuma ruwa ba ya zuwa, ko yana zuwa da tari, to a duba tsakanin tanki da inji, domin a nan iska ce take shiga maimakon ruwa ya fita, kuma sau da yawa kofin rariya ne ya saki. Idan ya yi shiru gaba ɗaya, fiyus ake fara dubawa. Wani abin da ya taɓa ruɗa ni shi ne bawul ɗin zubar da ruwa na tukunyar ɗumamawa, wanda yake a ƙasa da ɗan hannu mai ɗagawa. Kaya suka zame suka ɗaga shi, ruwa yana fita ta ƙarƙashin mota alhali babu abin da ya fashe. Tun daga ranar na kewaye shi da guntun katako. Ɗigar da ido ba ya gani kuwa, busasshiyar takarda mai laushi ake naɗa wa kowane mahaɗi, a dawo bayan minti biyar a ga wadda ta jiƙe.

Duk lokacin da na buɗe bututu a bakin hanya, da hannun da ya taɓa shanu da ƙura, nakan wanke layin idan na dawo gida. Ina auna jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, da sirinji, mililita 100 a tankin lita 100 idan mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ne, in ninka idan mai kashi 2.6 ne, in buɗe kowane famfo har in ji warinsa, in bar shi awa huɗu, sannan in zubar in ɗauraye sau biyu. Wannan awon na wanki ne, ba na sha ba. Domin cika tanki kuwa ina da tiyo na musamman da bakin 15/21 da na 20/27, da mazurari da ƙyalle mai tsabta, tunda a yawancin kasuwanni daga jarkar 'yan ga-ruwa ake zuba min. Jarka ɗaya mai lita 20 kuma tana nan a cike daban, ba ta haɗu da kowane bututu ba.

Bayan abin da ya faru a Adumri na yi wa motar ƙananan canje-canje. Na ɗaure bututu a jikin katako duk bayan kamu ɗaya, na sa bawul a bakin tanki da kuma a farkon reshen banɗaki, na kuma ɗaura jan ƙyalle a sitiyari wanda ba na cirewa sai na kashe injin ruwa. Duk farkon bazara nakan bi kolye ɗaya bayan ɗaya da soket in ƙara musu ɗauri.

A ranin da ya wuce muna kwance a Bogo, wajen ƙarfe biyun dare, na ji injin ya yi gurnani ya yi shiru, bayan ɗan lokaci ya sake. Kafin in tashi yaron ya riga ya ɗaura tocila a goshi. Ya rufe bawul ɗin banɗaki, muka saurara, gurnanin ya tsaya, ke nan ciwon yana wancan reshen. Ya bi bututun da takarda har inda ya ratsa katakon bayan banɗaki, wurin da ni ban taɓa kai hannu ba, ya tarar ya goge ya yi wata 'yar huda kamar ta allura. Ya kashe inji, ya buɗe famfo, ya yanke wurin da almakashi, ya tura miƙaƙƙen mahaɗi, sannan ya naɗe bututun da robar tif a daidai hudar katakon. Da ya kunna, injin ya cika layi ya tsaya, muka yi shiru muna jira, bai sake motsi ba. Ya ce, "Kawu, saura uku a akwati." Na ce ya gyara lambar a takardar murfi kafin ya kwanta, da gari ya waye kuma na kira ɗan uwana na Duwala na ce ya sayo biyu ya haɗa da saƙon maganin da zai aiko a ƙarshen wata.